Tsakanin Gidan Bandara da Gidan Nadaraja

Gidajen Malamai,
Television, Kaduna.
12 ga Yuni, 1983.

Zuwa ga matata Scholastica,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Kristi. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama da ƙanwarki Eunice da dukan mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki? Yaya damina a Zonkwa? Mu nan ruwa ya zauna sosai, hanyar makaranta duk ta zama taɓo. Ni ina nan lafiya, sai kewarki.

Tun bayan Ista nake aiko miki da wasiƙu, ban ga amsa ba. Ban ce kin yi laifi ba. Monday direba ya ce hannu da hannu yake ba ki, wannan ya ishe ni. Ki karanta idan kin ji za ki iya, idan ba ki iya ba ki ajiye.

Gida yana nan yadda kika bar shi. Ban taɓa komai a ɗakin ciki ba, a falo nake kwana. Har yanzu akwai masu kirana Baban Ladi, sai bakinsu ya riga ya faɗa kafin su tuna, su hau ba ni haƙuri. Ni kuwa ba na so su daina. Ina zuwa coci ranar Lahadi, in zauna a bencin baya, in fita kafin katikis ya fara sanarwa. Ba gaba nake da shi ba, amma idan na ga fuskarsa sai in tuna abin da ya gaya miki ranar jana'iza, wai jaririn da ya mutu ba baftisma ba ya shan azaba, amma ba zai ga fuskar Allah ba. Na ga yadda maganar ta shige ki. Saura mako guda a yi mata baftisma zazzaɓin ya zo, wa zai ce mun yi sakaci? Na je wurin Fada na tambaye shi. Ya ce jinƙan Allah yana da faɗi, mu bar ta a hannunsa. Na ce Fada, e ko a'a nake so. Ya ce ba a ba shi sanin wannan ba.

Kin tambaye ni a bara yadda zan yi da ciki idan kin yi tafiya. To, maƙwabtanmu ne suka ɗauke ni. Malam Bandara mai koyar da lissafi, na hagu, da Malam Nadaraja mai koyar da kimiyya, na dama. Kin tuna kina ce musu Indiyawa, suna dariya suna cewa su mutanen Siri Lanka ne? Ashe ko a can ma ba ƙabila ɗaya ba ne, ba kuma addini ɗaya ba. Bandara Basinhale ne, mabiyin Buda. Nadaraja ɗan Tamil ne, Hindu. Iyalansu duka suna ƙasarsu, don haka mun zama gwauraye uku. Bayan la'asar Bandara yakan dafa shinkafa da miyar wake mai yajin tsiya, mu ci a barandar Nadaraja, sannan a kawo shayi, su fara gardama.

A da ban san abin da suke wa wannan musu ba, muna jiyo su ta taga muna tsammanin faɗa ne. Ashe addini ne. Bandara mutum ne mai doka. Yana da alkawura biyar da yake maimaitawa kowace safiya: ba kisa, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba maye. Ko fiya-fiya ba ya fesawa a ɗakinsa, gidan sauro kawai yake shiga. Ranar da wata ya cika sai ya sa fararen kaya, ba ya cin komai bayan rana ta take. Komai ka tambaye shi zai ce maka ga yadda aka rubuta. Nadaraja kuwa ba ruwansa da rubutu. Yana shan taba, yana shiga kowace majami'a, kin tuna ya bi mu Misar Kirsimeti. Shi koyarwarsa kalma biyu ce, wai babu biyu. Allah da mutum da itace da kogi duk abu ɗaya ne, rashin sani ne ke sa mu ga kamar a rabe suke.

Jiya ya ce wa Bandara, malaminku ya ce ku gwada kowace magana kafin ku karɓa, ku kuma kuka mai da shi lissafi, wannan biyar, wancan takwas, kuna haddacewa kamar 'yan aji ɗaya. Bandara ya ce, kai addininka ba ya hana ka komai, shi ya sa yake maka daɗi. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Ni dai ina zaune ina saurare, ya fi mini komawa gida da wuri.

Ki gaida Mama da kyau. Ki ce wa Eunice ta riƙa sa ki cin abinci.

Ni ne mijinki,
Sylvanus

Television, Kaduna.
10 ga Yuli, 1983.

Matata Scholastica,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya kike, yaya Mama da ciwon ƙafarta? Ina fatan masara ta yi kyau. An ba yara hutu, makaranta ta zama kango, sai awakin unguwa ke kiwo a filin ƙwallo. Yawancin malamai sun tafi garuruwansu. Na so in zo, amma na tuna kin ce in ba ki lokaci.

Akwai abin da na yi wanda nake so ki sani. Na tambayi maƙwabtanmu inda Ladi take. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Suna cikin musu a kan abin da ke faruwa da mutum bayan ya mutu, suna yi kamar masu gardamar ƙwallo, sai na ji raina ya ɓaci. Na ce ku bar maganar mutum, ku gaya mini inda 'yata take.

Bandara ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce, bisa ga abin da aka koya masa, babu wani rai da ke zaune daram a cikin mutum wanda zai tashi ya tafi wani wuri ya jira iyayensa. Ya ce kamar a kunna fitila daga wata fitila ne, sannan a kashe ta farkon. Abin da ya zama Ladi ya wuce zuwa wata haihuwa, ba ita ba ce, ba kuma wata dabam ba ce, kuma ba za mu sake haɗuwa da ita mu gane ta ba. Ya ce, “Malam Sylvanus, na san maganar da za ta fi wannan daɗi, amma ban yarda da ita ba, kuma na yi alkawari ba zan yi ƙarya ba.” Na ji haushinsa ƙwarai, na ce a raina ashe kowane addini yana da katikis ɗinsa.

Nadaraja ya tashi ya ɗauko tulun da yake ajiye ruwan sha, ya tuntsurar da sauran ruwan, ya ajiye shi a gabana. Ya tambaye ni me ke ciki. Na ce ba komai, sai iska. Ya ce idan tulun ya fashe, ina iskar za ta tafi? Na ce ba inda za ta. Ya ce to haka Ladi. Abin da ke kallona ta idonta shi ne ke kallon duniya ta idona yanzu, shi ne kuma abin da muke kira Allah. Ya ce ruwan baftisma ba zai matso da ita kusa da Allah ba, rashinsa kuma ba zai nisanta ta ba, don tun farko babu tazara.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji sanyi a ƙirjina wanda rabona da shi tun ranar da abin ya faru. Na taso har ina cewa gobe zan rubuta miki wannan albishir. Amma da na shigo gida neman tocila, sai na buɗe akwatin da ke bayan ƙofa, na ga hular ulun nan da kika saƙa mata, mai ruwan ɗorawa. Na zauna a ƙasa da ita a hannu. Scholastica, ni ba iska nake so ba, tulun nake so. Ina son kunnenta na hagu da ya ɗan lanƙwashe, da yadda take damƙe yatsana idan tana shan nono. Wannan kuwa babu wanda ya ce zai mayar mini da shi, ba katikis ba, ba Bandara ba, ba Nadaraja ba.

Na rubuto miki ne don ki san ba ke kaɗai ke kwana da tambayar ba. Wataƙila kin ga ina zuwa aiki, ina cin abinci, kin ɗauka na haƙura. Ban haƙura ba, ban dai san yadda zan nuna miki ba ne.

Nadaraja yana shirin tafiya gida a watan gobe ya ga matarsa Maheswari da 'yarsu. Ya sayo atamfa a Kakuri, ya ce in tambaye ki ko launin zai dace da mace mai shekarun matarsa. Shuɗiya ce mai zanen ganye. Na ce masa za ki ce ta yi.

Allah ya kiyaye ki. Gaisuwa ga kowa.

Mijinki,
Sylvanus

Television, Kaduna.
14 ga Agusta, 1983.

Matata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Eunice. Ina fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni, wannan wasiƙa ba ta da daɗi, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ko kin ji a rediyo abin da ya faru a Siri Lanka a ƙarshen watan jiya? Rikici ya ɓarke a Kolombo, babban birninsu. Gungun Sinhalawa suka bi gidaje da shagunan 'yan Tamil suna ƙonawa, suna kashe mutane. A birnin ne iyalin Nadaraja suke. Layinsu ɗaya da ƙanen Bandara, ta nan ma su biyun suka san juna tun kafin su zo Nijeriya.

Tun da aka fara ba da labarin gardama ta mutu. Mu uku mukan zauna mu sa rediyo a tsakiya. Kullum da safe Nadaraja yakan hau bas ya haye gada zuwa ofishin waya a cikin gari, ya yini a layi, ya dawo bai samu kowa ba. Bandara yakan raka shi. Da farko Nadaraja yana ƙarfafa kansa. Ya ce ya sha gaya wa matarsa idan wani abu ya taso ta gudu gidan ƙanen Bandara, ba wanda zai taɓa gidan Basinhale.

Ranar Talatar da ta wuce Nadaraja ya tashi da zazzaɓi, Bandara ya tafi shi kaɗai. Ranar ce kuwa waya ta shiga, ya sami ƙanensa a wurin aiki. Da ya dawo bai nufi gidan Nadaraja ba, ni ya samu a ofishin malamai ina shirya darussan zango mai zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa da lema a hannu, ruwa na ɗiga. Ya ce an ƙone gidan, Maheswari ta mutu, yarinyar tana da rai, tana wani sansani da aka buɗe a wata makaranta. Na tashi zan kama shi, ya ce in tsaya, da saura. Ya ce uwar da 'yar sun gudo har ƙofar ƙanensa, suka yi ta bugawa, uwar tana kiransa da sunansa. Ƙanen yana ciki da matarsa da yaransa ƙanana, yana jin hayaniyar mutanen tana matsowa. Tsoro ya kama shi, bai buɗe ba. Yarinyar ta haura katanga ta faɗa wani lambu. Uwar ba ta iya ba. Ƙanen da bakinsa ya gaya masa, yana kuka.

Na roƙi Bandara. Na ce mutuwar dole a faɗa, amma maganar ƙofa a bar ta, me za ta ƙara wa mutumin nan ban da ciwo? Ya ce idan Nadaraja ya tambaye shi ba zai iya cewa a'a ba, idan kuma bai tambaya ba, ya zauna yana shan shayi da shi da wannan a cikinsa, ita ma ƙarya ce. Na ce wannan doka taka za ta raba ka da abokinka. Ya ce ya sani.

Muka tafi tare. Nadaraja yana zaune a baranda da bargo. Yana ganin fuskokinmu ya gane. Bandara ya durƙusa a gabansa ya gaya masa da Turanci, a hankali. Nadaraja bai yi kuka ba. Ya tambayi labarin yarinyar, aka ce tana da rai, ya gyaɗa kai. Har na fara fatan a tsaya a nan. Sai ya ce, “Ba ta je gidan ƙanenka ba? Na gaya mata ta je.”

Bandara ya ce, “Ta je. Bai buɗe ba.”

Nadaraja ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya tashi ya naɗe bargonsa, ya shiga ɗaki, ya tura ƙofa a hankali. Bandara ya daɗe a durƙushe kafin in ɗaga shi.

Tun ranar ban ji muryar kowa a layinmu ba. Gida uku, kowa yana nasa. Har yau ina tambayar kaina ko ni ne da gaskiya ko Bandara, ban sani ba. Idan kina iya addu'a, ki sa su a ciki. Na san kin ce bakinki ya yi nauyi. Ko ambaton sunansu kawai ya isa.

Naki,
Sylvanus

Television, Kaduna.
25 ga Satumba, 1983.

Matata Scholastica,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida duka. Monday ya ce ya hango ki a bakin rijiya, ya ce kin ɗan murmure. Na gode wa Allah. An koma makaranta, aiki ya yi yawa, don ni nake riƙe wasu azuzuwan Nadaraja.

Bandara bai fasa dafa abinci ba. Kullum yakan zuba a kwano ya rufe, ya kai ƙofar Nadaraja ya ajiye, ya koma. Kullum ni nake ɗauke kwanon da safe, tururuwa sun cika shi. Na ce masa ya bari, ɓarna ce. Ya ce a wurinsu idan an yi mutuwa ana ciyar da masu makoki, haka aka koya masa, ba shi da wani abin da ya sani. Amma shi ma ba yadda yake da ba ne. Ina jiyo karatunsa na safe ta bango, sai ya kai tsakiya ya tsaya. Wata rana ya same ni ina shanya kaya, ya ce, “Ka san ƙanena bai karya ko ɗaya daga alkawuran nan biyar ba? Bai kashe ba, bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba. Ƙofa kawai ya rufe. Na yi ta dubawa.” Na ce ai akwai maganar tausayi a littattafanku. Ya ce akwai, da yawa ma, amma tausayi ba ya ƙirguwa, su kuma abin da ke ƙirguwa suka fi riƙewa. Ban taɓa jin ya soki nasa ba sai ranar.

Nadaraja ni kaɗai yake buɗe wa. Ya rame, ya bar gemu. Nakan kai masa kunu in zauna. Ranar nan ya ce mini shekara da shekaru yana koya wa mutane babu biyu, kuma har yanzu ya yarda gaskiya ne, shi ne ma abin da ke cinsa. Ya ce idan babu biyu, to shi ne Maheswari da ke buga ƙofa, shi ne kuma mutumin da ke ciki ya ƙi buɗewa, shi ne masu man fetur ɗin da suka ƙone gidan. Ya ce kansa ya san haka, amma idan ya hangi Bandara ta taga, jikinsa ba ya ganin komai sai Basinhale. Ya ce, “Tulun da na nuna maka, ka yafe mini. Da sauƙi na faɗa, don ba nawa ne ya fashe ba.” Na ce ba abin yafewa, ya taimake ni a ranar.

Abin da ya fi damunsa shi ne ba a yi mata komai ba. Bai san inda aka sa gawarta ba. A al'adarsu miji yakan je bakin ruwa ya zuba riɗi da shinkafa, ya yi wasu addu'o'i. Shi kuwa tun yana saurayi ya raina irin waɗannan, yana cewa wasan yara ne, don haka bai koyi kalmomin ba. Yanzu yana so ya yi, bai san yadda ake yi ba. Na ce mu je, ko ba kalmomi.

Ranar Asabar da hantsi muka sayi riɗi a kasuwa, muka gangara Kogin Kaduna ta wajen gonaki, inda ba jama'a. Kogin ya cika, ruwan ja wur. Muna tafiya na waiga na ga Bandara yana biye da mu daga nesa, cikin fararen kayansa. Nadaraja ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa har ƙauri, riɗi a tafin hannunsa. Ya tsaya. Ya buɗe baki ya rufe. Ya daɗe a haka har na ji tsoro kada jiri ya ɗebe shi.

Sai na ji murya daga bayanmu. Bandara ne a kan tudu, ya haɗa hannuwa, yana karanta abin da su suke karanta wa matattu, da tsohon harshen littattafansu. Ba addu'ar Hindu ba ce, addu'ar mutanen da suka ƙone gidan ce. Na ce a raina yanzu Nadaraja zai juyo ya kore shi. Bai juyo ba. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ya sunkuya ya saki riɗin a ruwa, ya ɗebi ruwa ya zuba, ya sake ɗiba ya zuba, yana kiran sunanta. Bandara bai tsaya a tsakiya ba wannan karon, ya kai har ƙarshe.

Ni ma na yi wani abu, ki ji daga bakina. Na tsuguna na ɗebi ruwa na zuba, na ce Ladi, na kuma ce Judith, sunan da muka zaɓa za a sa mata a coci, wanda ba a taɓa kiranta da shi ba. Ban ce baftisma ba ce, na san ba ita ba ce. Na dai so a ce an taɓa kiran sunan a fili.

Da muka taso ba su yi wa juna magana ba. Kowa ya kama hanyarsa. Amma da safe na tarar da kwanon a ƙofar Bandara, an ci rabi, an wanke murfin.

Ina kewarki fiye da yadda zan iya rubutawa.

Mijinki,
Sylvanus

Television, Kaduna.
13 ga Nuwamba, 1983.

Ƙaunatacciyata Scholastica,

Gaisuwa mai tarin yawa. Wasiƙarki ta iso hannuna ranar Alhamis. Monday ya miƙo mini ita a bakin ƙofar makaranta, na gane rubutunki tun kafin in karɓa, sai da na nemi wuri na zauna. Gajeriya ce, amma na karanta ta har na haddace. Na ji daɗi da kika ce kin fara bin su Mama gona. Yaya ƙafar tata? Ki gaishe ta, ki gaida Eunice.

Kin ce kada in ƙara tambayar kowa inda Ladi take. Na ji, na daina. Kin ce ke ma ba ki sani ba, kuma kin gaji da masu sani. Ni ma haka.

Nadaraja ya tafi. An kai 'yarsa Indiya wurin ƙanwar uwarta, shi ma can ya nufa, ya ajiye aiki. Ya ce ba ya jin zai sake taka Kolombo. Littattafansa ya bar wa makaranta, atamfar nan shuɗiya kuma ya ce in ba ki, idan ba za ki ji nauyin karɓa ba. Ranar tafiyar, motar haya ta zo har ƙofa. Bandara ya fito ba wanda ya kira shi, ya ɗauki babban akwatin ya kai mota. Nadaraja ya bar shi ya ɗauka. Da ya zo shiga, ya tsaya ya dube shi, wannan ne karon farko da ya yi masa magana tun watan Agusta. Ya ce, “Ban yafe ba tukuna. Kada ka rubuta wa ƙanenka ka ce na yafe.”

Bandara ya ce, “Ba zan rubuta abin da ba gaskiya ba.”

Nadaraja ya ce, “Na sani. Shi ya sa kai kaɗai na yarda da abin da ka gaya mini.” Ya shiga mota. Ba su yi musabaha ba. Bandara ya tsaya a kan hanya har motar ta sha kwana wajen kasuwa, sannan ya je ya rufe tagogin gidan da Nadaraja ya bari a buɗe.

Yanzu mu biyu muke ci, a barandata. Ba gardama, don ni ban iya ba. Wani lokaci yakan faɗi wata magana daga littafinsu, sai ya yi shiru yana jiran a musa masa, ba mai musawa. Ya ce kwangilarsa za ta ƙare a baɗi, bai san ko zai koma gida ba, bai san yadda zai zauna cin abinci da ƙanensa ba. Da na gaya masa kin rubuto, ya yi murna ƙwarai, ya ce zai riƙe mini azuzuwana in tafi.

Don haka zan shigo jirgin ƙasa ranar Asabar, in Allah ya yarda. Ba na zo ɗaukarki ba ne, kada ki ji an matsa miki. Zan taya ku girbin dawa, in kwana biyu in dawo. Idan kina so mu yi magana mu yi, idan shiru kika fi so, bana na koyi zama da mutum ba tare da an ce komai ba. Kada a yanka kaza saboda ni.

Kin tambayi sunan 'yar Nadaraja don ki riƙa ambatonta da safe. Ban san kin koma addu'a ba sai da na ga wannan layin. Shekarunta goma sha biyar, uban ya ce tana son lissafi, kuma tun da abin ya faru ba ta yarda a kashe fitila. Ga sunan, na rubuta da manyan baƙaƙe don kada ya ba ki wuya: VASANTHI.

Sai na zo.

Ni ne mijinki mai ƙaunarki,
Sylvanus, Baban Ladi